Yau Asabar mun kai ziyara gidan kaso

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, 'yar Kanonku ce daga Yamai. Ku yi haƙuri da rashin hoto yau, waya ba ta shiga ciki, a ƙofa ake karɓe ta tare da katin shaida, shi ya sa sai yanzu a cikin taksi nake muku bayani.

Toh tun jiya muka shiga kasuwar Katako ni da matan ƙungiyarmu ta unguwa, kowa ta kawo abin da ya sawwaƙa, wata jikka ɗaya wata jikka biyu, jikka a nan sefa 1000 ce ga 'yan gida da ba su sani ba. Muka sayi sabulu da omo da garin rogo da sukari da ƙuli-ƙuli, Hajiyar da ke jagorantarmu kuma ta kwana tana dambun zogale. Masu gadi sai sun buɗe kowace kula sun juya da cokali kafin a wuce da ita.

Gidan yari dai mu muke cewa, su nan kaso suke cewa, kuma da yawan na ciki ba a ma yanke musu hukunci ba, jira suke, ga zafin Yamai da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Wanda danginsa ke gari ana kawo masa kwano, amma wanda aka kai kason Kollo ko na Kutukale da ke wajen Yamai, ko baƙo irina, wa zai zo?

Wani yaro wlh ba zai wuce ƙanina ba, daga jin Hausata ya matso ya ce "Yaya, daga Najeriya kike?" Bai nemi abinci ba bai nemi kuɗi ba, lambar innarsa ya haddace yake ta maimaita min a hankali har na rubuta a bayan kwalin sabulu, wai ta ɗauka ya tafi Libiya ko ya mutu a hanya.

Ina fitowa na kira. Na ce Inna ɗanki yana raye, na gan shi da idona. Shiru ta yi, can sai na ji tana kiran sunan wata a tsakar gida tana salati.

Litinin Hajiya za ta kai maganarsa ANAJJ, hukumar da ke taimaka wa marasa hali su samu lauya. Ni kuma Inna ta ba ni saƙo, sai Asabar mai zuwa zan faɗa masa.