Ruwa Ya Ci Tailan, Had-dis Ya Yi Tsada a Kano

Wannan lacca ce da wani mai gyaran kwamfuta, ɗan yankin Auyo da ke sana'a a Kano, ya yi wa matasan garinsu masu shagunan caji da tura fina-finai da ɗaukar hoto. A wani ajin firamare aka zauna bayan la'asar. Da waya aka naɗi maganar, daga baya aka rubuta ta.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman, da Malam Hedimasta da ya ara mana wannan aji, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma.

An ce min da Baba Liman ya ji za a yi lacca a kan had-dis, sai ya ce to lallai da shi za a yi, tunda maganar hadisi ce. Allah gafarta Malam, a yi min afuwa, ban kai can ba. Nawa na ƙarfe ne, ga shi nan a hannuna. Wannan ya daɗe da mutuwa, shi ya sa na kwance murfinsa don ku ga cikinsa. Mai rai ba a buɗe shi, zan faɗi dalili.

Kowa a nan ya san rumbu ya kuma san tabarmar shanya. Kwamfuta ma tana da su duka biyun. Abin da ake kira RAM shi ne tabarmar: a kanta ake baza abin da ake aiki da shi yanzu, da an kashe na'ura an kwashe shanya ke nan. Had-dis kuwa rumbu ne. Fim ɗin da ka zuba masa bara, ko karatun tafsiri, ko hotunan bikin 'yar wani, suna nan ko an ɗauke wuta wata guda.

Ku dubi wannan abin mai sheƙi kamar madubi. Faifai ne, an shafe shi da sinadarin maganaɗisu. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramar mota da ke juya shi. Na laftof, mai inci biyu da rabi, yawanci yana zagayawa sau 5,400 a minti guda. Na babbar kwamfutar tebur, mai inci uku da rabi, da yawa suna kai 7,200, wato sau 120 kafin daƙiƙa ɗaya ta wuce. Wannan hannun kuma da ya miƙo kan faifan, a bakinsa akwai 'yar allura mai rubutu da karatu. Dattawan da suka ga garmaho za su ce ai sun san wannan. Kusan haka ne, Ranka ya daɗe, sai dai allurar garmaho tana gogar faifai, wannan kuwa ba ta taɓa shi ko kaɗan. Iskar da juyin faifan ke tayarwa ce take ɗauke da ita, tana shawagi. Tazarar da ke tsakaninsu, silin gashin kanka ya fi ta kauri sau dubbai.

To ku kwatanta min ƙwayar ƙurar hunturu guda ɗaya ta shiga wannan tsakani. A wajen allurar nan dutse ne ya faɗo kan hanya. Dalilin da ya sa ba a buɗe mai rai ke nan, sai a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa. Kuma dalilin da ya sa nake jin tsigar jikina na tashi in na ga yaro ya ɗaga laftof tana aiki ya dangwarar da ita a benci. Da allura ta daki faifai ta kankare wurin, abin da ke rubuce a nan ya tafi. In ka fara jin yana ƙas-ƙas-ƙas kamar ƙadangare a rufin kwano, kada ka ce bari in gama tura wa wannan kwastoman. Kwafe abin da ya fi maka muhimmanci a take, sannan ka kashe.

Wani mai ɗaukar hoto ya taɓa kawo min nasa yana gumi. Hotunan biki uku ne a ciki, bai wanke ko ɗaya ba, ya karɓi kuɗin mutane. Ya ɗora shi a kan tebur, igiya ta sarƙe ƙafar ƙaninsa, ya faɗo yana cikin juyi. Na yi iya yina, ban ceto komai ba. Kuɗin had-dis ɗin bai dame shi ba ko kaɗan. Abin da yake ta maimaitawa shi ne da wane ido zai kalli uwar amarya.

Bari in taɓa tarihi kaɗan, don ku san inda aka fito. Na farko a duniya kamfanin IBM ne ya fito da shi a Amurka a 1956. Fayafai hamsin ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, girman abin ya kai manyan firji biyu. Abin da yake ɗauka gaba ɗaya bai wuce mega biyar ba. Hoto ɗaya na wayar da ke aljihunka zai kusan cika shi. Daga nan aka yi ta ƙara masa ciki ana rage masa jiki, kuɗin kowace giga yana sauka shekara bayan shekara, har muka saba. Mu masu sana'ar mun ɗauka dokar Allah ce: in ka yi haƙuri zuwa baɗi, kuɗin da ya sayi giga 250 zai sayi 500.

Sai 2011 ta zo ta koya mana hankali.

Ku kun san Tailan da shinkafa. To ba shinkafa kaɗai suke yi ba. A lokacin, aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na had-dis ɗin duniya a can ake haɗa shi, a filayen masana'antu da ke arewa da Bankok, babban birninsu. Wuraren nan fadama ce, a kwarin kogin Chao Phraya suke. Daminar shekarar ta yi ƙarfi ƙwarai, a watan Oktoba ruwa ya fasa shingaye ya shiga masana'antun. Ba sai na yi muku bayanin ambaliya ba. Mu da kogin Haɗeja ya sha kwana a ɗakunanmu, mu da muka ga 2020 da 2022, mun san yadda ruwa yake zuwa ya zauna ya ƙi tafiya. Can ma haka ya yi, makonni yana kwance. Mutum fiye da 800 suka rasu. Masana'antun kamfanin Western Digital suka nutse, har sai da aka sa masu nutso suna shiga suna ciro injuna. Ga kuma wani kamfanin Japan mai suna Nidec, wanda shi ke ƙera mafi yawan 'yar motar nan da na nuna muku, shi ma ruwan ya taɓa masana'antunsa. Ka ga ko wanda ruwa bai shiga gidansa ba, ya rasa motar da zai saka.

Cikin 'yan makonni farashi ya ninka, wasu ma suka zarce haka. A Turai da Amurka shaguna suka koma ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya. Mu a Kano kuwa, abin da ya ba ni mamaki shi ne kayan da ke kan kanta tun kafin damina su ma sun tashi. Ruwa bai taɓa su ba, jirgi bai sake ɗauko su ba. Na yi fushi a lokacin, na ce zalunci ne tsagwaronsa. Daga baya wani dattijon ɗan kasuwa ya tambaye ni, in ya sayar min a tsohon kuɗi, da me zai sayo madadinsa? Kun san wannan lissafi. Ranar da labari ya iso Gujungu cewa ruwa ya cinye shinkafar fadama, a ranar buhu yake tashi, ba a jiran kaka. Akwai mai gaskiya a ciki, akwai kuma wanda ya kulle sito yana jiran a ƙara matsuwa. Na biyun na bar shi da Malam Liman.

Abin da nake so ku riƙe shi ne yadda saukar ta kasance. Masana'antun sun dawo aiki cikin watanni, amma farashin ya hau da gudu ya sauko da rarrafe. Sai wajen 2013 ya kusanci inda ya baro. Kuma a tsakanin nan kasuwar ta tsuke. Kamfanin Seagate ya saye sashen had-dis na Samsung a ƙarshen 2011, Western Digital ya saye na Hitachi a 2012. Yau duk duniya masu ƙera shi uku ne kacal: Seagate da Western Digital da Toshiba. Duk sunan da ka gani a jikin akwatin had-dis na waje, in ka fasa, ɗayan ukun nan ne a ciki. Kasuwar da dillalanta uku ne, in ɗaya ya yi mura kowa sai ya yi tari.

An sake ɗan taɓa mu a 2021, da wani kuɗin intanet mai suna Chia ya fito, wanda haƙarsa ke cin wurin ajiya. Mutane suka yi wawar manya-manyan had-dis, kwana kaɗan zazzaɓin ya sauka. Wannan ba sai mun tsaya a kansa ba.

Tsadar da kuke kuka da ita yanzu kuwa, igiya biyu ce ta haɗu. Ta farko daga waje. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna gina manyan gidajen ajiyar bayanai, suna kwashe manyan had-dis masu tera ashirin da ɗoriya (tera ɗaya giga dubu ce) tun kafin a ƙera su. Daga ƙarshen 2025 abin ya kai har kan RAM da SSD, wato ɗaya nau'in rumbun kwamfuta da ba shi da faifai. Za ka ce me ya haɗa ni da mai tera ashirin, ni da nake neman giga 500? Abin da ya haɗa ku shi ne masana'anta ɗaya ce, kuma mai masana'anta wajen mai manyan kuɗi yake juyawa. In sabo ya yi wuya, kowa sai ya faɗa gwanjo, gwanjon ma ya ɗaga kai. Igiya ta biyu tamu ce ta gida. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Ko allurar cikin nan ba ma ƙerawa, komai da dala yake shigowa. Saboda haka ko da farashi ya sauka a can, ba lallai ka gani a nan ba.

To me za ka yi? Ni dai ra'ayina, kada ka saya ka ɓoye don jiran riba. Gero in ka ɓoye shi zuwa bazara wataƙila ka ci riba. Wannan kuwa fasaha ce, tana tsufa a kan kanta, duk ƙarancin da na gani ya wuce, wanda ya tara ya zauna da kaya. Amma in naka ya fara kuka, ko sana'arka gaba ɗaya a kan guda ɗaya take, kada ka jira araha. Sayi na biyu ko da ƙarami ne, ka kwafe abin da ba za ka iya sake samu ba. Fim in ya ɓace za ka karɓo wajen maƙwabcinka. Hoton biki da sakamakon jarrabawar ɗalibai, Malam Hedimasta, babu inda za a aro su.

In ka je saye, kada kunya ta hana ka gwadawa. Lokacin ƙaranci ne 'yan damfara ke cin kasuwa. Na taɓa fasa wani akwati da aka sayar wa mutum a matsayin tera biyu, na tarar da ƙaramin filashi a ciki, an manna masa notuna biyu don ya yi nauyi. Ka ce a jona maka shi a kwamfuta. Akwai manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, tana nuna lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce. In an ce maka sabo ne ka ga awa dubu talatin, ka san tsohuwar saniya aka shafa wa mai. In ta nuna launin rawaya, ajiye musu abinsu. Ko ta nuna lafiya, ka zuba masa kaya masu yawa ka sake buɗe su, don akwai masu goge lissafin awannin. Sannan ka raba kuɗin da yawan giga kafin ka zaɓa, sau da yawa mai tera ɗaya ya fi mai 500 araha in an bi ta nan.

Na ga hannu a baya. Ƙanena, ɗaga murya.

Yana cewa ya sayi mai tera ɗaya, kwamfuta ta nuna masa giga 931, ko an cuce shi? A'a, wannan kam ba a cuce ka ba. Kwanon awo ne ya bambanta. Masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024 take ƙirga. Hatsin ɗaya ne. Mai giga 500 ma za ka ga ya nuna 465.

Sai tambayar Malam, wai SSD ko had-dis? SSD ba shi da faifai ba shi da allura, ɗan'uwan memorin waya ne, ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya tsoron girgiza. Mai yawo da laftof a kan babur ta hanyar nan tamu mai ramuka, shi ya fi dacewa da shi. Sai dai kowace giga tasa ta fi tsada, kuma in ya mutu ba ya sallama, babu ƙas-ƙas ɗin da zai gargaɗe ka. Ni a shagona ƙaramin SSD ne ke ɗauke da Windows, fina-finai da karatuttuka kuma suna kan had-dis. Wanda ke aiki da janareto, don Allah ya rufe kwamfuta yadda ya kamata kafin mai ya ƙare, yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayil a kowannensu.

Na ji ladan yana gyara lasifika. Ga wannan mataccen, ku zagaya da shi kowa ya taɓa faifan, ba abin da zai ƙara samunsa. Amma akwai maganaɗisu mai ƙarfi a kusurwar nan, ku yi hankali yana cizon yatsa. Kuma wanda ya ɓalle shi ya dawo min da abina, da shi nake tsince ƙananan notuna a shago.