Jawabin Maraba ga Babban Daraktan 'Yan Sanda na Ƙasa a Ziyararsa ta Maraɗi

Ranka ya daɗe, Babban Darakta. Masu unguwanni da 'yan kasuwa da 'yan kabu-kabu na Maraɗi suna maka barka da sauka. Labarin aikinka ya riga ka isowa.

Ka sauka a garin Sarki Ɗan Kasawa, garin da Katsinawa suka riƙe bayan jihadi, suka ƙi miƙa wuya. Gulbi ya ci tsohon gari a 1945, iyayenmu suka hau tudu suka sake gini. Gyaɗa da fatauci suka mai da mu cibiyar kasuwancin Nijar, mu ne ƙofar Ɗan Isa da Jibiya a iyakar Najeriya. Amma makarantar 'yan sanda tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, a riƙa turo masu horarwa Maraɗi duk shekara, su sabunta wa jami'anka darasin amfani da ƙarfi. A makaranta an koya musu hawa-hawa: magana, gargaɗi da babbar murya, riƙo da hannu, ankwa, kulki, barkonon tsohuwa. Bindiga sai rai yana cikin haɗari. A bakin titi kuwa sai wani babba ya raɗa wa ƙaramin jami'i cewa in bai daka ba za a raina kakinsa, sai ya fara da kulki.

Ga inda ake ɓarna. Kulki na cinya da dantse ne, in ya sauka a ka sai asibiti. Ankwa in ta matse har yatsa ba ya shiga, tana lahanta jijiyar hannu. Wanda aka kifar rub da ciki aka danne bayansa, numfashi yake rasawa. Barkonon tsohuwa kuma, in ba a duba iska ba, ba a bar wa taro hanyar fita ba, cikin gidaje yake ƙarewa, kan mata da jarirai. Ɗan kabu-kabu da ya gudu, lambar babur ɗinsa ta isa, ba sai an bi shi cikin kasuwa ba.

Muna kuma roƙon a kiyaye awa 48 na tsarewa a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, kada a ƙara sai da izinin mai gabatar da ƙara.

Mun san yaranka suna kwana a waje saboda 'yan bindigar da suka addabi Madarunfa da Gidan Runji, muna gode musu. Horon nan dai, ranka ya daɗe. Ɗakin taro da tabarmi da abinci mun ɗauka, masu horarwa kawai muke jira. Allah ya mai da kai gida lafiya.