Jawabin Maraba Ga Malamin Ɗibbun Yunani Da Ya Ziyarce Mu Daga Indiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarkin Aska, iyayenmu ungozomomi, da babban baƙonmu, Farfesa, assalamu alaikum.

Farfesa, lale marhabin da zuwa Sakkwato. Baƙonka annabinka, in ji Bahaushe. An faɗa mana a ƙasarku "hakim" ake kiran likitan ɗibbu, mu kuwa Hakimi uban ƙasa ne, to yau ga mu zaune tsakanin hakimai biyu.

Ilmin da ka zo da shi ba baƙo ba ne a garin nan. Daga Bukrat da Jalinus, likitocin ƙasar Yunan (Girka) na dā, ya taso, Hunainu ɗan Ishaƙ ya mayar da shi Larabci a Bagadaza, Ibn Sina ya tsara shi cikin littafinsa Alƙanun a 1025. Ayarin raƙuma da mahajjata suka kawo mana rabonmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin daula bai fasa wallafa a kan ɗibbu ba, har da littafi sukutum a kan maganin basir. Yau in tsohuwa ta ce wa jikanta sanyi ne ya shige shi, a dafa masa citta da kanumfari, maganar zafi da sanyi, danshi da bushewa take yi, ko da ba ta taɓa jin sunan Jalinus ba. Wanzaminmu kuma bai ajiye ƙahonsa ba.

Inda kuka tsere mana shi ne tsari. Hakim Ajmal Khan ya tsaya tsayin daka har aka buɗe ginin kwalejin ɗibbu a Delhi a 1921. Ɗalibinku sai ya shafe shekara biyar da rabi, ya san jijiya da fitsari, ya zauna da marasa lafiya a asibiti, ya ci jarrabawa, kafin a ba shi izinin taɓa mutum. Gwamnatinku ma ta kafa ma'aikatar da ke kula da irin waɗannan magunguna a 2014.

Mu fa? Sabara, tazargade, hulba da habbatus sauda duk muna da su, amma da ido muke awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne a wajen hatsi, amma ƙodar mai jinya ba ta yafe kuskuren awo. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne mai lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwa kwalba ɗaya tana maganin cuta arba'in. Na binne maƙwabcin da ya bar maganin ciwon sukarinsa na asibiti saboda irin wannan kwalba, kuma har yau abin bai bar zuciyata ba.

Don haka roƙonmu, Farfesa, ka nema wa yaranmu masu Larabci da kimiyya gurbin karatu a kwalejojinku. Ka koya mana yadda kuke awo da adana magani, har namu ya cancanci rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da kuma lokacin da ya kamata mai ɗibbu ya ce wa majinyaci tashi ka tafi asibiti.

Rubuce-rubucen kakanninmu suna nan a ɗaki na gaba, mun shimfiɗa maka su, bayan sallar Azahar sai mu duba tare. Yanzu dai ga ruwa, ga tafinta a gefenka. Bismillah, kunnuwanmu na gare ka.