Zungeru: Garin da Kogi Ya Kawo wa Mulki, Jirgin Ƙasa Ya Kwashe

(An gabatar da wannan lacca ne a wani zauren taro a cikin birnin Kano, bayan la'asar. Daga faifan murya aka rubuto ta, an rage gaishe-gaishen farko.)

Iyayena, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina shigowa wani ƙanena ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, yanzu a tsakiyar Kano za ka tara mu ka ba mu tarihin ƙauye?" (Dariya.) Na ce masa samu wuri ka zauna tukuna. Wannan wuri da ka kira ƙauye, a can Gwamna Lugga yake zaune lokacin da ya yanke shawarar a taho Kano da yaƙi. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta bi ta Bebeji, ta shigo ta Ƙofar Kabuga ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana Sakkwato. Amma bakin da ya ce a tafi, a Zungeru yake. Saboda haka Bakano yana da dalilin sanin garin nan.

To, a ina yake? Yana jihar Neja, cikin ƙaramar hukumar Wushishi, kimanin kilomita 60 daga Minna ta arewa maso yamma, a kan hanyar da ke fita Tegina, inda ake rabuwa, wasu su nufi Kwantagora, wasu Birnin Gwari. Tsofaffin Hausawa Dungurum suke ce masa. Garin a bakin Kogin Kaduna yake, kuma in ba ku riƙe komai ba a yau, ku riƙe kogin nan, domin duk abin da ya sami garin, alheri ko akasinsa, ta kansa ya biyo.

Kogin ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa garin Kaduna, ya gangaro ta Shiroro, ya yi tafiyar wajen kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara a Muregi, a ƙasar Nufe. Daga Shiroro zuwa Zungeru tsakanin duwatsu yake kutsawa, yana gudu yana kumfa, ko kwalekwale sai gwani. Da ya wuce Zungeru ya doshi Wushishi sai ƙasa ta kwanta, kwarin ya buɗe, ruwan ya natsu, fadamu su shimfiɗu hagu da dama. Wato garin yana daidai inda ƙasar dutse ta ƙare, ƙasar fadama ta soma. Damina kuwa ta fi tamu tsawo. Su tun Afrilu ake shuka, ruwa ba ya ɗaukewa sai Oktoba, lokacin mu nan mun daɗe da fara kallon gabas muna jiran hunturu. Shi ya sa doya take yi a can, ga shinkafa, ga rake, ga dawa da masara, ga kaɗanya da ɗorawa cike da daji.

Yanzu me ya kai Bature can? Ku tuna, a 1900 babu mota, babu kwalta, babu layin dogo ko taku ɗaya a Arewa. Babbar hanya ita ce ruwa. A Lakwaja aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, sannan Lugga ya zauna a Jabba. Duka biyun a bakin Kwara suke, amma sun yi nisa da inda idonsa yake, wato Zazzau da Kano da Sakkwato. Da ya ci Kwantagora da Bidda a 1901, hanya ta buɗe, sai ya nemi wuri mafi kusa da ƙasar Hausa wanda jirgin ruwa zai iya kawo masa kaya. Ya bi Kogin Kaduna har inda duwatsu suka ce masa dakata. Nan ya kafa hedikwata a 1902.

Kogin ma bai ba shi yadda yake so ba. Jirgi na iya hawowa ne in ruwa ya cika, daga wajen Yuli zuwa Oktoba; da rani sai yashi ya tare. Dole aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, daga Wushishi zuwa Zungeru a 1901, aka ƙara shi zuwa Barijuko, jimla mil 22, don a riƙa sauke kaya inda ruwa ke da zurfi. Jama'a, wannan ɗan layi shi ne jirgin ƙasa na farko a Arewa, shekara goma kafin Kanawa su ji kukan jirgi. Da aikinsa ya ƙare ba a bar shi ya yi tsatsa ba, aka tumɓuke ƙarafunan aka kai su layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos don ɗauko kuza. Bature ba ya asarar ƙusa.

Sai gari ya tashi kamar a mafarki: gidan gwamna, ofisoshi, barikin soja, kurkuku, asibiti, coci, har da gidan da ake tara yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi. Matar Lugga, Flora Shaw, wadda ita ta fara ba da shawarar sunan Nijeriya a jarida a 1897, ta zo ta zauna a nan, amma zafi da ciwo suka kore ta, ta koma Ingila. A 1906, da labarin tawayen mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, ya iso, daga nan aka tura sojojin da suka je suka shafe garin na Satiru.

Bari in tsaya a kan mutane, don nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Asalin ƙasar ta Gwarawa ce, Nufawa kuma suna ƙasa-ƙasa a bakin ruwa suna su da noman shinkafa. Mulkin Turawa ya zo ya zuba musu baƙi: sojoji Hausawa da Yarbawa, 'yan dako, kukuma da boyi-boyi, fatake, sannan akawuna daga Ikko da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Duk wannan taro da wane harshe za su yi ciniki? Da Hausa. Cikin akawunan akwai wani mutumin Onica, aka haifa masa ɗa ranar 16 ga Nuwamba 1904. Yaron nan shi ne Nnamdi Azikiwe, kuma da Hausa ya buɗe baki, sai da ya kai wajen shekara takwas aka tura shi gida ya koyi harshen iyayensa. A 1933 kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu a garin. Dattawan da ke zaune a gaba sun san shi, shi ne kwamandan bataliya ta biyar a nan Kano a Janairun 1966. Shugaban ƙasa na farko, da wanda ya ja yaƙin ɓallewa daga ƙasar, cibiyarsu a gari guda. Allah mai iko.

Za ku ji ana cewa a Zungeru aka sa hannu a takardar haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ni dai ina taka-tsantsan da maganar. Dokar haɗewar daga Landan ta fito. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, ranar da aka haɗe, Zungeru ce hedikwatar Arewa.

To me ya kayar da ita? Jirgin ƙasa. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, injiniyan dogo ne, shi ya tsaya a kan layin Baro zuwa Kano, wanda ya iso mana a 1911. Layin Ikko ma ya hauro ta Jabba, ya ratsa Zungeru, ya haɗe da shi a Minna. Tun da kaya suka koma kan dogo, me za a yi da garin da aka zaɓa don jirgin ruwa? Sai aka fara ganin laifuffukansa: zafi, sauro, ga tsando mai sa wa dawaki sammore. Aka fara kwashe sojoji, zuwa 1917 mulki ya koma Kaduna ɗungurungum. Dogon da ya cika Kano da dalar gyaɗa, shi ya mai da Zungeru tashar da jirgi ke tsayawa ya sha ruwa ya wuce. A ganina bambancin a fili yake. Kano tana da Kurmi da marina da fatake tun kafin Bature, ita kuwa Zungeru albashi ne ya tara mata jama'a, da mai biyan albashi ya tashi, suka bi shi.

Ku dubi ƙidayar 2006. Ƙaramar hukumar Wushishi gaba ɗaya, har da Zungeru a ciki, mutum wajen 82,000 ne. Ƙaramar hukumar Dala ta nan Kano kaɗai ta haura 400,000. Yau garin manoma ne da masunta da 'yan kasuwa, sai ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Neja. Matsalar 'yan bindiga ma ba ta bar yankin ba. Kun ji yadda aka sace 'yan Islamiyyar Tegina a 2021.

Amma kogin bai gama da garin ba. Duwatsun nan da suka tsayar da jirgin Lugga, su injiniyoyi ke nema, don a matsatsi ake datse ruwa. A 2013 aka fara gina madatsar wutar lantarki ta Zungeru, kamfanonin Sin suka yi aikin, mafi yawan kuɗin ma rance ne daga can. Injuna huɗu ne, megawat 700, ta ɗara ta Shiroro da ke sama da ita mai 600. Sai dai wuta tana tafiya birane ne, ruwan da aka tare kuwa gonaki da ƙauyukan talakawa ya ci, aka daɗe ana kai ruwa rana a kan diyya. Na ƙasan madatsa su ma kullum damina hankalinsu a tashe, don ranar da aka saki ruwa shinkafarsu ce a gaba.

In kun je, za ku ga gadar jirgi a kan kogi, da kangwayen gine-ginen Turawa da ciyawa ta cinye, da maƙabartarsu. 'Yar gadar ƙarfe ta ƙafa da Lugga ya kafa a 1904 kuwa, kada ku wahalar da kanku nemanta a can. Ita ma kwance ta aka yi aka bi gwamna da ita. Tana lambun Gamji a Kaduna, yara na hawa suna ɗaukar hoto.

Na ji ladan ya fara gyaran murya. Ƙanena na bakin ƙofa, kai za ka fara tambaya in mun idar da magariba.