Kwalejin shekara biyu a Amurka: hanyar da ɗan Zariya ya bi

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke zaune a gaba, sannunku da zuwa. Ƙannena 'yan ƙwallon kwando, ku matso kusa, yawancin maganar yau taku ce.

Zan fara da mutumin da kowa a nan ya san sunansa, Masai Ujiri. A Zariya ya tashi, a nan ya fara riƙe ƙwallo, kuma Koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin waɗanda suka ɗora shi a kan hanya. Da ya je Amurka ya gama sakandare, babbar jami'a ba ta ɗauke shi ba. Bismarck State College ya tafi, a Dakota ta Arewa, inda sanyin hunturu ya sa namu na Disamba ya zama wasan yara. Shekara biyu ya yi a can, sannan ya wuce jami'a a Billings, jihar Montana. Shi ne a 2019 yake shugabancin Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka. Irin makarantar da ya fara shiga ita Amurkawa ke kira juko, wato kwalejin shekara biyu.

Ƙungiyar da ke kula da wasannin yawancin waɗannan kwalejoji ita ce NJCAA, an kafa ta a 1938. Kalifoniya tana da tata daban. NJCAA rukuni uku gare ta, kuma iyaye ku riƙe wannan, don nan kuɗi yake. Rukuni na ɗaya yana da ikon biya wa yaro kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai. Na biyu kuɗin makaranta da littattafai kawai, ɗaki da ciki suna wuyanka. Na uku ba ya ba da tallafi saboda wasa ko kaɗan. In wani ya zo maka da labarin an sama wa ɗanka gurbi, tambayarka ta farko ita ce wane rukuni, ta biyu kuma a nuna maka a rubuce. Na ga gidajen da suka sayar da fili saboda ba su yi waɗannan tambayoyi biyu ba, kuma har yau abin yana min ciwo.

Me ke kai yaro juko? Wani ba a gan shi ba ne. Jimmy Butler haka ya gama sakandare a Teksas babu mai nemansa, ya yi shekara ɗaya a Tyler Junior College, Jami'ar Marquette ta ɗauke shi, a 2011 Chicago Bulls suka zaɓe shi a lamba ta 30. Wani kuma wasansa ya kai, takardunsa ne ba su kai ba. NCAA, mai kula da manyan jami'o'i, tana neman darussa 16 na sakandare da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 kafin yaro ya buga a rukuninta na ɗaya. Namu yaran sakamakon WAEC ko NECO da takardun ajin sakandare ake dubawa. Larry Johnson ta Odessa College ya bi, ya je UNLV, Jami'ar Nevada da ke Las Vegas, suka ci kofin ƙasa na jami'o'i a 1990, shekara ta zagayo aka ɗauke shi lamba ta ɗaya a NBA.

To, ƙannena, ga inda nake so ku buɗe kunne. Wanda ya shiga juko saboda takardunsa ba su cika ba, a ƙa'idar da aka daɗe a kai, ba ya tsallakawa rukuni na ɗaya na NCAA sai ya kammala kwalejin ya karɓi shaidarta, da awannin karatu 48 waɗanda jami'ar da zai koma za ta yarda da su, da matsakaicin maki 2.5, a ciki har da Turanci da lissafi da kimiyya. Ku lura da kalmar yarda. Yaro yana iya cika jadawalinsa da darussa masu sauƙi don ya samu lokacin atisaye, ya ci su duka, a ƙarshe jami'a ta ce rabinsu ba ta san da su ba. Kocin da ya zo kallonka zai yaba tsallenka, amma kafin ya fita daga ɗakin wasan sai ya nemi ganin takardar makinka. Saboda haka tun makon farko ka je wurin malamin da ke ba ɗalibai shawara, ka ce masa jami'a kake nufi, ya zaɓa maka darussan da ke tsallakawa.

Sannan akwai agogo. Tsarin da aka daɗe a kai shi ne shekara biyar don buga kakar wasa huɗu, kuma lissafin yana farawa ranar da ka zama cikakken ɗalibi a kowace kwaleji, juko ma a ciki. Shari'ar da Diego Pavia, ɗan wasan ƙwallon Amurka na Jami'ar Vanderbilt, ya shigar a 2024 kan lissafa masa shekarun juko ta girgiza wannan ƙa'ida, don haka ka tambayi abin da ke aiki a shekarar da za ka shiga.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙofar ta ƙara ƙunci. Tun 2021 da aka sassauta wa 'yan wasa sauya jami'a ba tare da zaman shekara guda ba, koci-koci da yawa sun fi son ɗauko wanda ya riga ya buga a wata jami'ar. Duk da haka kowane Maris suna cika Hutchinson, wani ƙaramin gari a Kansas, inda ake buga babbar gasar ƙarshe ta NJCAA tun 1949. Ba kowa ne zai kai can ba, shi ya sa nake cewa ku adana bidiyon cikakken wasa, daga farko har ƙarshe. Guntayen da aka haɗa na jefa ƙwallo kaɗai ba sa nuna ko kana komawa tsaron gida.

Alhaji a can baya ya ɗaga hannu tun ɗazu kan maganar biza da takardar I-20, wadda makaranta ke ba ɗalibi ya nemi biza da ita. Bismillah, Alhaji, a miƙa masa lasifika.