Gajiyar da Barci Ba Ya Kashewa

Assalamu alaikum masu kallo. Idan Bahaushe ya gaishe ka da safe, yana gama tambayar kwana sai ya ce, ina gajiya? Kai kuma ba ka ko tsaya tunani ba za ka ce, ba gajiya, ko ka ce gajiya ta bi lafiya. Haka muka taso muka tarar, kuma gaisuwa ce mai kyau. Amma yau ina so mu tsaya a kan wannan tambayar mu amsa ta tsakani da Allah, musamman ku iyaye masu fita aiki, domin akwai gajiyar da ba lafiya take bi ba, ciwo take bi.

Bari in fara da gidanmu. Yayata malamar firamare ce, 'ya'yanta huɗu. Tun kafin assalatu take tashi, ta hura gawayi, ta ɗora ruwan wanka, ta dama koko, ta shirya yara, ta zuba musu abinci a kula, sannan ta fita bakin titi neman adaidaita. Ajinta cike yake maƙil, a tsaye take tana ɗaga murya har azahar. Ta dawo ta ɗora sanwa, ta tura yara islamiyya, bayan isha kuma ta zauna duba littattafan ɗalibai, in babu wuta da fitilar waya. Kusan shekara biyu tana cewa jikinta ba ƙarfi. Dukanmu, har da ni, amsa ɗaya muke ba ta: ai dole, Yaya, wannan ɗawainiya haka, Allah dai ya ba da lada.

Wata ranar Asabar cikin hunturu na je gaishe ta, na same ta a kan tabarma da kofi cike da ƙanƙara tana taunawa kamar gyaɗa. Ta tashi ta ɗebo min ruwa a randa, tafiyar da ba ta wuce taku goma ba, ta dawo tana haki. Na ce, Yaya, buɗe min tafin hannunki. Fari fat. Na ja fatar ƙasan idonta, nan ma babu ja ko kaɗan. Da aka auna jininta ranar Litinin, PCV ɗinta, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, 24 ne, alhali mace mai lafiya ana so ta kai 36 ko sama.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, hidimarta ce ta ɓoye ciwonta. Mutumin da ba ya aikin komai, idan ya ce ya gaji, nan da nan za a ce a kai shi asibiti. Amma uwa mai aiki, ko uba mai fita tun asuba ya dawo bayan isha, kowa yana da bayanin gajiyarsu a hannu, har su kansu. Shi ya sa ciwo yake samun shekaru yana cin su ba wanda ya lura.

To ta yaya za ka bambance? Gajiyar aiki tana jin hutu. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko sama da haka a dare, kuma na san da yawanku ba ku samu, ga kukan jariri, ga zafi ba wuta, ga waya a hannu har sha biyu. Idan wannan ne kaɗai matsalar, da zarar an samu hutun ƙarshen mako ko hutun makaranta an yi barci ya isa, jiki zai dawo. Wadda nake magana a kanta ita ce wadda za ka kwana ka tashi kamar an yi maka duka, aikin da bara kake yi da sauƙi bana ya gagare ka, kuma an shafe wata guda ko fiye a haka. Wannan ta wuce a ce mata sannu da aiki, tana buƙatar awo.

Ƙarancin jini shi ne na farko da za a nema, musamman ga mata. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Fiye da rabi ke nan. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himoglobin, aikinsa dakon iskar oksijin daga huhu zuwa tsoka da ƙwaƙwalwa, kuma jiki ba ya iya ƙera shi sai da sinadarin ƙarfe, wato ayon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan himoglobin ya gaza 12 ga mace, ko 11 ga mai ciki, ko 13 ga namiji, jini ya yi ƙasa. Idan masu dakon suka yi kaɗan, zuciya ce take biyan bashin: ta riƙa bugawa da sauri don 'yan kaɗan ɗin su yi zirga-zirgar masu yawa. Daga nan ake samun haki, da jiri in an miƙe, da faɗuwar gaba, da ciwon kai. Sha'awar tauna ƙanƙara ko cin farar ƙasa ma alama ce da likitoci suka daɗe da sani.

Ina jinin yake tafiya? Ga mata, yawanci al'ada ce mai yawa, wadda take wuce kwana 7, ko take zuwa da gudaji, ko take sa a canja auduga duk bayan awa ɗaya ko biyu. Mata da yawa sun ɗauka haka kowa take, domin ba abu ne da ake hira a kansa ba. Sau tari ƙarin mahaifa, wato tsiron da yake fitowa a jikin mahaifa, shi ne a bayan wannan, kuma shi aka samu a jikin Yaya da aka yi mata hoton ciki. Sai haihuwa kusa da kusa, jiki bai gama mayar da abin da ya rasa ba wani cikin ya shigo. Sai tsutsar ciki, sai zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa. Namiji kuwa, idan aka ce ayon ɗinsa ya yi ƙasa, dole a bincika ko jini yana tsiyaya a cikinsa, ta gyambon ciki ko basir ko wani abu a hanji.

A nan zan yi magana a kan ƙullin maganin gajiya da ake saya a kemis. Kala uku, kala huɗu, a haɗa maka a 'yar leda ka watsa da ruwa kafin ka kwanta. Yawanci akwai masu kashe zafin ciwo irin su Diclofenac ko Ibuprofen a ciki, kuma shan su kullum yana cinye bangon ciki har ya yi jini, yana kuma wahalar da ƙoda. Wato maganin da kake sha don gajiya yana iya zama shi yake ƙara maka ita. Haka maganin ƙarin jini na kwalba: kada a sha sai an auna, domin ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ayon ba, kuma mai sikila ayon na iya yi masa yawa. Wani ƙaramin abu kuma da yake da tasiri: shayi yana hana hanji tsotse ayon daga abinci. Idan kin ci wake ko zogale ko alayyafo, ki ba da tazarar awa ɗaya kafin shayi, ki bi abincin da lemon zaƙi ko gwaba. Hanta da nama da kifi kuwa ayon ɗinsu ya fi saurin shiga jiki.

Na san abin da wasunku suke cewa yanzu: ai ni an gwada, maleriya da taifot ne. Wata uku baya ma su ne, bara ma su ne. Gwajin Widal da ake yawan yi don taifot ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, yana iya nuna akwai ga mutumin da ba shi da ita. Idan babu zazzaɓi, kasala ce kawai wata da watanni, kuma an yi ta allurai da ƙarin ruwa ba ta tafi ba, to a nemi wani dalilin. Ledar ƙarin ruwa, ruwa ne da gishiri ko suga, ba ta ƙara jini ko ɗigo.

Yanzu ga masu jego, kuma ina roƙon mazajensu da iyayensu su kasa kunne. Akwai ciwon da yake raunana tsokar zuciya a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya yana cikin wuraren da ya fi yawa a duk duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ruwaito shi a kusan haihuwa 1 cikin 100, kuma binciken da aka yi daga baya a Sakkwato da Kano ya samu adadi makamancin haka. A wancan lokaci an danganta shi da wankan jego da kunun kanwa, saboda zafi da gishirin da suke ɗora wa zuciya nauyi, daga baya kuma aka ga yana kama har waɗanda ba su yi ko ɗaya ba. Yana farawa ne kamar gajiyar raino. Sai ƙafa ta kumbura, sai haki, sai mace ta kasa kwanciya flat sai ta tara matasai, ta riƙa farkawa cikin dare tana tari tana neman iska. Don Allah idan kun ga haka kada ku ce jego ne, a kai ta asibiti a ranar, a duba zuciyarta. Idan aka kama shi da wuri, mata da yawa suna warkewa.

A gaban wuya kuma akwai wata 'yar halitta mai suna tayirod, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita take saita saurin aikin jiki. Idan ta yi sanyi komai sai ya yi sanyi: barci ba ya isa, jin sanyi alhali kowa yana gumi, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, bushewar fata, zubar gashi, taurin bayan gida, mantuwa. Ba lallai wuya ya kumbura ba. Ta fi kama mata, kuma takan rikice a shekarar farko bayan haihuwa. Gwajin jini guda, TSH, shi yake nuna ta.

Ciwon suga kun san shi: ƙishirwa, yawan fitsarin dare, rama, da kasala bayan cin abinci. A auna sugan jini da safe kafin a karya, idan ya kai 126 mg/dL ko sama a maimaita don a tabbatar.

Malam, kai kuma da maiɗakinka take cewa minsharinka yana hana ta barci, tambaye ta abu ɗaya: numfashin yana ɗaukewa? Idan tana jin ka yi shiru na daƙiƙa goma ko fiye, sannan ka ja iska da ƙarfi kamar an shaƙe ka, to hanyar iska ce take toshewa, kuma hakan na iya faruwa sau da yawa a kowace awa. Kowane toshewa sai ƙwaƙwalwa ta ɗan farka ta buɗe hanyar, kai ba ka sani ba. Ka yi awa 8 a gado amma ba ka yi barci mai nauyi ba. Da safe ciwon kai da bushewar baki, da rana gyangyaɗi a ofis, ko a huɗuba, ko a bayan sitiyari, wanda shi ne abin tsoron. Ya fi yawa ga masu ƙiba da kaurin wuya, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jini. Goro da kofi da lemon ƙarin kuzari ba za su gyara wannan ba. Sinadarin hana barci da ke cikinsu, wanda ake kira kafin, yana daɗewa, bayan awa 5 kusan rabinsa yana nan a jini, don haka wanda ka sha da la'asar shi zai lalata maka barcin dare.

Akwai kuma gajiyar da gwajin jini ba ya gani. Ciwon damuwa a wurinmu ba kasafai yake zuwa da kalmar baƙin ciki ba, yana zuwa ne da jikina ya mutu, kaina ya yi nauyi, ba na jin daɗin komai. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye abin da yake so a da ba ya burge shi, barci ya lalace, abinci ya fita ransa, yana jin bai da amfani, wannan ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne. Ana addu'a, ana kuma ganin likita. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato suna ganin irin wannan kullum. Idan kuwa tunanin cutar da kai ko cutar da jariri ya fara zuwa, a gaya wa wani a yau.

Sauran da likita zai so ya kawar sun haɗa da ciwon hanta, ciwon ƙoda, cuta mai karya garkuwar jiki, da tarin fuka, musamman idan akwai tarin da ya wuce mako biyu da gumin dare da rama. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Idan za ka je, kada ka tsaya a kan likita na gaji. Faɗa masa yaushe ta fara, awa nawa kake barci, ko ka rame ko ka ƙara ƙiba, ki faɗi yadda al'adarki take ba tare da kunya ba, kuma a zuba duk magungunan da ake sha a leda a tafi da su, har da na gargajiya da na ƙarin ƙiba da na mura, domin wasunsu da kansu suke sa kasala. Na san kuɗin gwaji ba wasa ba ne a wannan lokaci. A fara da masu sauƙi, PCV da suga da awon hawan jini, sauran likita ya zaɓa gwargwadon abin da ya ji daga bakinka.

Ita Yaya an ɗora ta a kan ƙwayar ayon, aka gaya mata bayan gidanta zai yi baƙi kada ta tsorata, kuma ko jinin ya dawo daidai ta ci gaba da sha wata uku don rumbun ayon na jikinta ya cika. Likitan mata ya ba ta maganin rage zubar jinin, suna bibiyar ƙarin. Maigidanta ya karɓi kai yara makaranta, babbar 'yarta ta karɓi wanke-wanken dare. Bayan kamar mako shida na koma, na tarar da ita tana shanya a tsakar gida, ta ɗauko bokiti cike da wanki daga bakin rijiya ba ta tsaya hutawa ba. Na tambaye ta ƙanƙara, ta ce yanzu ko ganinta ba ta son yi.