Yadda muke haɗa ɗakin ajiya da babban ofis ba tare da fasa titi ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yau a kan rufin babban ofishinmu nake, kuma sanyin ƙasar nan ya kama ni har cikin yatsu. Bari in juya kyamara ku gani. Kun hangi wancan gini mai jan rufi, can bayan filin ajiye motoci? Ɗakin ajiyar kayan kamfanin da nake wa aiki ke nan, mita 400 daga inda nake tsaye. Mutum biyar ne a ciki, kuma ana so su riƙa shiga sabar babban ofis, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan kamfani, su tura takarda firinta, kamar a nan ƙasa suke zaune.

Na san wani zai ce a ja waya mana. To, kebul ɗin tagulla da muka saba da shi iyakarsa mita 100. Faiba kuwa, wato wayar gilashi mai kai bayanai nesa ta hanyar haske, wallahi da hali ita zan zaɓa, amma titin gwamnati ya ratsa tsakani, ba ka isa ka fasa kwalta ba sai da izinin hukuma. Shi ya sa muka yanke shawarar yin gada ta iska.

Ga na'urar nan a hannuna, kamar ƙaramin faranti. Guda biyu ne, ɗaya a nan, ɗaya a can, suna fuskantar juna. Wannan ba wayfai ɗin da za ka jona wayarka ba ne, su biyun kaɗai suke magana da juna. Ku duba ƙasanta, rami ɗaya ne tak. Kebul ɗaya ke kawo mata wuta da bayanai a tare, abin da ake kira PoE, don haka ba sai an hau da soket kan rufi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na kunna kyamara yau. Mutane suna ɗauka in dai ido ya hangi ɗaya ginin, magana ta ƙare. A'a. Sigina ba ta tafiya siririya kamar zare, tana kumbura a tsakiyar hanya kamar ƙwai. Ana kiran wannan fili da sunan Fresnel, wani masanin haske ɗan Faransa, kuma ƙa'ida ita ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari na filin ya zama fayau. A tazarar mita 400 kan gigahaz 5, wato zangon rediyon da na'urar ke aiki a kai, kumburin ya kai kusan mita biyu da rabi ta kowane ɓangare a tsakiya. Ke nan sai layin da ke tsakanin na'urorin biyu ya wuce saman komai da kamar mita ɗaya da rabi.

Kun ga bishiyar can a bakin titi? Yanzu ba ko ganye ɗaya a jikinta, sai rassa. A wani aiki da na yi a baya, cikin hunturu muka kafa, komai ya tafi daidai. Da ɗumi ya shigo bishiyoyi suka yi toho, sai haɗin ya fara yankewa, musamman in an yi ruwa, domin jiƙaƙƙen ganye yana shanye sigina. Abin ya dame ni ƙwarai, don mutane sun dogara da aikina. Tun daga ranar nake auna bishiya da cikar ganyenta, har da tsawon da za ta ƙara baɗi. Wannan doguwar sandar ƙarfe da kuke gani, saboda ita na ɗaura ta.

Batun zango kuwa, gigahaz 2.4 ya cika da cunkoso, ban ma kalle shi ba. Gigahaz 60 yana da gudu sosai, amma ruwan sama mai ƙarfi na raunana shi. Sai na tsaya kan 5, tare da kula da abu ɗaya: wasu tashoshin cikinsa ana raba su da na'urar rada, kuma doka ta tilasta wa na'urarka ta bar tashar da zarar ta ji rada. Kowace ƙasa da dokarta, don haka ku saita sunan ƙasar da kuke ciki daidai.

Abokin aikina na can ɗaya rufin, muna magana ta waya. Malam, ɗan karkata ta dama kaɗan. Kaɗan dai. Tsaya nan! Ku kalli allon, ɗazu yana nuna -71, yanzu ya dawo -56. Lambar nan duk lokacin da ta matso kusa da sifili, sigina ta ƙara ƙarfi ke nan. Ɗaure notin a hankali kada ta goce.

Saura aikin ciki. Zan sa kalmar sirri mai ƙarfi a kan gadar, in canza wadda na'urar ta zo da ita daga kamfani. Sannan a can ɗakin ajiya akwai tsohuwar rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci tana ba kowacce lambar adireshi, dole in hana ta raba adireshin, in ba haka ba ita da ta babban ofis za su riƙa karo, kwamfutoci su rikice. Wannan koriyar waya mai ratsin rawaya kuma ta saukar da tsawa ce zuwa ƙasa, ba na sauka daga rufi sai na ɗaure ta. Bari in ajiye kyamarar, aikin na buƙatar hannu biyu.